Wasiyyar da Na Yi ta Lasifika a Shinkafi

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Murtala, ƙanen matata, ba. Ko da ma na so in manta, mutanen Shinkafi ba za su bar ni ba, don har yau akwai dattawan da in sun gan ni a kasuwa sai su riƙe hannuna su ce, "Malam, ashe kana nan da ranka?" kafin in amsa sun kwashe da dariya.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ƙauran Namoda. Kuma gara in faɗa maka tun yanzu, ni mutum ne da aka haifa da zullumi. Tun ina yaro Inna take ce mini, "Kai dai ko hadari bai haɗu ba ka jiƙe." Ranar da aka yanke mana jihar Zamfara daga Sakkwato, gari ya kaure da murna, matasa suna ta wasa da babura a titi, ni kuwa ina zaune a zaure na yi tagumi, ina tunanin yadda sunana zai ɓace tsakanin Sakkwato da Gusau a daina sanin ni ma'aikaci ne. Da aka fara raɗe-raɗin za a tura wasu malamai ƙauyuka, sai na ba kaina Sakajiki tun kafin kowa ya ba ni. Na yi ta ganin babur ɗina ya kafe a laka da damina, ni kuma ina turawa, wando a naɗe. Ba a taɓa tura ni ko'ina ba, amma na sha wahalar hanyar nan fiye da waɗanda aka tura.

Da aka ƙaddamar da Shari'a na yi murna kamar kowa, har da ni a masu kabbara. Ba na sata, ba na shan komai in ban da shayi, to me zai dame ni? Ai kuwa sai da na samo abin damuwa. Wata rana akuyar maƙwabcina ta shigo gidanmu tana cin ƙaiƙayi, sai na ji gabana ya faɗi. Yanzu in mai ita ya zo ya same ta a nan fa? Na rungumo ta na fito ƙofar gida ina ce wa masu wucewa, "Ku shaida, da ƙahwarta tas shigo!" Mai akuyar ma bai san ta fita ba. Ga kuma zancen gemu. Kowa ya tsayar da gemu a shekarun nan, nawa kuwa 'yan tsiraru ne a haɓa kamar gonar da fari ya kama. Kullum sai na duba madubin babur in ga ko an samu ƙari. (Ba a samu ba. Har yau ba a samu ba.)

Abin dariya ne in ana ba da labari, amma zama da shi ba daɗi. Wuyana kullum a riƙe, cikina a ɗaure, barcina rabi da rabi. Ina gama wata damuwa wata ta karɓe ta. Bakina ba ya rabuwa da goro, mai shayin bakin tasha kuwa ya san nawa baƙi ne mai kauri, safe da yamma. Matata Kulu ta sha faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta yi ta haƙuri.

Akwai kuma wata damuwar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina da aboki, Lawali, mutumin Zurmi, tare muka yi firamare. Direba ne, yana da motarsa ta haya. Dogo ne, mai fara'a, ga gemu cike da fuska. Shi ya fara nuna mini Kulu tun ba ta san ina duniya ba, ya ce, "Ka ga wagga yarinya? Tana da hankali." Iyakar abin da ya ce ke nan. Shi ya raka ni zance, motarsa ce ta ɗauko amarya. Amma ni na ɗauki maganar nan na ajiye a raina ina ta juya ta shekara da shekaru. In yana da ido ya ga hankalinta, ashe yana sonta ke nan? In na mutu fa? Ai ko takaba ba za ta gama hucewa ba zai turo. Muna cin tuwo kwano ɗaya da shi ina wannan tunani, in yi istigfari, gobe in sake.

To, da aka sa ranar auren Murtala, surukina Alhaji, wanda ke sayar da hatsi a Shinkafi, ya aiko in zo. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Kai za ka yi muna jawabin godiya ranar walima. Kai ka yi boko, ka saba tsayawa gaban mutane."

"To, Baba," na ce. Me zan ce?

A wannan zamani an ajiye kiɗa a bukukuwa, sai walima da wa'azi. Ma'ana duk wanda zai zo kallon makaɗa a da, yanzu zai zauna ne ya saurari masu magana. Daga ranar na shiga uku. In an tashi makaranta sai in tsaya a aji ni kaɗai ina yi wa kujerun yara godiya. In na manta sunan wani babban baƙo fa? In na ambaci wani kafin wanda ya girme shi? In na jawo aya na yi kuskure a gaban malamai? In tari ya sarƙe ni? Kulu ta gaji ta ce, "Malam, godiya ta fa anka ce ka yi, ba huɗuba ba."

Ranar walima Lawali ne ya ɗauke mu daga Ƙaura, ni da shi a gaba, Kulu da matarsa a baya. Bazara ce, iska kamar daga bakin murhu. Ban karya ba, goro kawai nake ta tauna ina maimaita jawabi a zuci. Muka tarar an kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji, an shimfiɗa tabarmi, manya a kan kujeru. Mutanen Badarawa, dangin amarya, sun zo mota guda. An ɗaura lasifika biyu: ɗaya a kan darbejiya tana kallon titi, ɗaya a kan katanga tana kallon cikin gida, don mata su ji wa'azi daga inda suke. Ka riƙe wannan lasifikar ta biyu a ranka.

Malami ya yi wa'azi a kan haƙƙin miji da mata. Aka yi addu'a. Aka kira ni.

Abin mamaki, jawabin nan ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau. Ban manta kowa ba, ban sarƙe ba, har na yi wani ɗan barkwanci a kan ango aka yi dariya. Na ji ana "Madalla, madalla." Na hango Alhaji yana gyaɗa kai. Na koma kan tabarma kusa da Lawali na zauna, abin maganar lasifika yana hannuna da doguwar wayarsa, saboda wanda zai karɓa ya tafi duba abinci. Na sauke ajiyar zuciya. Na ce a raina, shi ke nan, an wuce wurin.

Sai kawai zuciyata ta buga.

Ba irin faɗuwar gaban da na saba ba. Wannan kamar an sa taɓarya ana daka a cikin ƙirjina. Na ja numfashi, ya ƙi shiga. Na sake ja, ya tsaya a maƙogwaro. Zufa mai sanyi ta karyo mini, yatsuna suka fara tsira kamar ana soka allura, leɓena ya mutu. Na dubi mutane sai na ga sun yi nisa, bakinsu yana motsi amma kamar daga cikin rijiya suke magana. Ba wanda ya taɓa ni, ba abin da ya faru, rana tana nan, ana ta shigo da kwanonin shinkafa. Amma na sani, sani irin na yaƙini, cewa mutuwa ce ta zo. Ba tunani ba ne irin nawa na kullum mai "in kaza ya faru fa?" Babu "in" a ciki. Yanzu ne, a nan, a kan tabarmar surukina.

Na kama rigar Lawali. "Lawali, mutuwa zan yi."

"Kai, bari wasa."

"Wallahi tahiya zan yi. Riƙe ni."

Na zube a jikinsa. Ya tallafe kaina a cinyarsa yana salati. Mutane suka taso, wani yana fifita da hula, wani yana a kawo ruwa, wani yana a matsa a ba shi iska. Ni kuwa na damƙe abin da ke hannuna da hannu biyu na manna a ƙirji, daidai ƙarƙashin haɓata, kamar mai nutsewa ya samu igiya. Ban san me na riƙe ba. Kai da kake karatu ka sani.

Na yi kalmar shahada, wannan dai na gode Allah. Da a nan na tsaya da yanzu ana ba da labarina cikin mutunci. Amma sai na tuna ana wasiyya. Na ce babur ɗina a ba ƙanena. Na ce littattafaina a kai makaranta. Na ce duk wanda na saɓa wa ya yafe mini, har da mai akuya. Na ce, "Ku hwaɗa ma Kulu na yahe mata duniya da lahira." Ina jin wata irin amsa-kuwwa tana maimaita maganata daga sama, sai na ɗauka haka ake ji in rai zai fita.

Daga nan na ɗaga ido na ga fuskar Lawali a kaina, hawaye yana bin gemun nan nasa. Sai abin da na ɓoye shekara da shekaru ya taso ya fito da kansa.

"Lawali."

"Na'am, ina jin ka."

"Don girman Allah, in na mutu kada ka auri Kulu. Na san jira kake. Kowa ya aure ta ban da kai."

Wurin ya yi tsit. Irin shirun da har kukan kurciya a kan darbejiya ana ji. Sai muryar Lawali ta fito ta sama, ta cika unguwa, don shi ma bakinsa yana kusa da abin maganar: "Ni? Ni, Malam? Inna lillahi!"

Daga cikin gida aka ji faɗuwar kwano, sai salatin mata baki ɗaya, sai wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Yau mun ga ta kanmu!" Alhaji ya miƙe yana ɗaga hannu: "Ku kashe abin ga! Ku kashe shi, na ce!" Wani ya fizge waya, lasifika ta yi ƙara ta mutu.

A nan ne fa na gane amsa-kuwwar da nake ji ba ta lahira ba ce.

Abin takaicin, ban mutu ba. Bayan ɗan lokaci, wanda bai fi a sha shayi a tashi ba, sai dakan nan na ƙirji ya fara lafawa. Numfashi ya dawo. Yatsuna suka saki. Na ji gajiya kamar na yini ina noma, sannan, don ƙarin wulaƙanci, hancina ya jiyo ƙanshin shinkafa da miya, cikina ya yi ƙugi. Mutumin da ya gama rabon gado yanzu-yanzu, ga shi yana jin yunwa.

Me zan yi? In buɗe ido in ce na warke? In kalli Alhaji? In kalli Lawali? Sai na runtse ido na lafe, na ci gaba da zama mara lafiya da gangan. Ina jin duk abin da ake cewa. Wani ya ce iska ce ta buge ni a hanya. Wani ya ce hawan jini ne, haka ya yi wa yayansa. Wani daga mutanen Badarawa ya tambaya a hankali, "Wai wace ce Kulun?" aka ce masa yayar ango ce. Aka ciccibe ni aka sa a mota. Wa zai tuƙa? Lawali mana, wa ke da mota in ba shi ba.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon ta ranar nan ba. Daga Shinkafi har Ƙaura ba wanda ya ce uffan. Kulu da matar Lawali suna baya, kowace ta juya fuska tana kallon tagarta. Ni ina gaba ido rufe, in na ɗan buɗe gefe sai in ga Lawali ya kafe hanya da ido, muƙamuƙinsa yana motsi. Ya sauke mu a ƙofar gida, ya taimaka aka shigar da ni, ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi," ya ja motarsa. Daga ranar ya daina zuwa.

Kulu ta ci gaba da yi mini komai, abinci, ruwan wanka, amma magana sai ta dole. 'Yan uwa suka yi ta zuwa dubiya, kowa da maganinsa. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi. Aka ɗauko wani malami ya yi mini ruƙiyya. Bawan Allah ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ni ina zaune ina jin kunya don ba abin da ya motsa. Da ya gama ya ce, "Ni dai ban ga alamar iska ba. Ka riƙe azkar, amma ka tahi asibiti a duba ka." Ban je ba. Tsoro nake ji a ce zuciyata ta lalace.

Sai wani sabon abu ya same ni: tsoron kada abin ya dawo. Na daina zuwa ɗaurin aure da suna. A masallaci na koma sahun ƙarshe, bakin ƙofa, don in ya taso in samu hanyar gudu. Na daina shiga kasuwa ranar da ta cika. In zuciyata ta ɗan yi sauri don na hau tudu, sai in tsaya in dafa ƙirji ina saurare. Duk da haka ya dawo, sau ɗaya ina tsakiyar rubutu a allo, sau ɗaya ina zaune lafiya lau ina yanke farce. Na je wani shagon magani aka ba ni ƙwayar sa barci, in na sha sai in yini kamar an jiƙa tsumma.

Wata safiya na shirya zan tafi makaranta, na kai zaure na kasa fita. Na dawo na zauna a kan turmi. Kulu tana shara, ta ajiye tsintsiya ta tsaya a kaina.

"Malam, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Abin da ka yi mani gaban iyayena da dangin amarya, na bar ma Allah. Har yau ban iya shiga Shinkahi da rana. Amma ba shi ya fi ci mani rai ba. Shekara nawa kana ɗauke da wanga zance cikin ranka, muna kwana ɗaki guda, ba ka taɓa hwaɗa mani ba? Mi ka ɗauke ni?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba ni da wani miji sai kai, kuma ga shi kana ƙarewa ina kallo. Tashi ka sa hula. Asibiti za mu."

Likitan da muka samu a asibitin gwamnati dattijo ne mai furfura a gefen kai, ba ya gaggawa. Ya auna jinina, ya saurari ƙirjina gaba da baya, ya tura aka ɗebi jini, ya ce mu dawo. Da muka dawo ya ce zuciyata lafiyarta ƙalau, jinina ma haka. Maimakon in yi murna sai na ji haushi.

"Likita, to ƙarya nake ke nan?"

"Wa ya ce ƙarya kake? Zauna ka ba ni labari tun daga farko."

Na ba shi, har da Sakajiki da akuya. Da na zo kan lasifika na so in tsallake, Kulu ta ce, "Hwaɗa mashi duka." Likita ya yi ta maza bai yi dariya ba, sai dai na ga ya cire tabarau yana goge ido.

Ya ce, "Malam, abu biyu ke damunka, kuma ba ɗaya ba ne, ko da yake 'yan gida ɗaya ne. Na farko zullumi. Shi a hankali yake zuwa, ya daɗe, kuma kullum yana da abin da ya rataya a kai: aiki, jawabi, gobe, jibi. Shi ke riƙe maka wuya, ya hana ka barci. Na biyu firgici, wanda ya kama ka a Shinkafi. Shi ba ya sallama. Yakan zo ko kana cikin jin daɗi, ya kai ƙarshen ƙarfinsa nan da nan, ya sa ka rantse mutuwa za ka yi, sannan ya sake ka. Ka lura ai sai da ka gama jawabin ya zo?"

Na ce haka ne.

"Jikinka ne ya yi ihun ɓarawo alhali babu ɓarawo. Zuciya ta yi gudu don ka tsere, numfashi ya yi sauri, saurin numfashin ya sa yatsu tsira, kai kuma ka ji haka ka ƙara tsorata, abin ya ƙara hawa. Yana da wuya ƙwarai, amma shi kansa ba ya kisa. Kuma ba hauka ba ne. Mutane da yawa suna zuwa nan da shi, har da waɗanda ba za ka zata ba."

"To maganin fa?"

Ya ce kowanne da yadda ake bi da shi. Firgici in ya taso, kada in gudu, kada in yi kokawa da shi. In zauna inda nake, in ja numfashi a hankali ta hanci, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, in gaya wa kaina na san wannan, zai wuce. Ya ce gudun da nake yi wa taro shi ke ciyar da tsoron, don haka in koma da kaɗan-kaɗan: yau sahun ƙarshe, wani mako na gabansa, har in kai tsakiya. Shi kuma zullumi, maganinsa dogon aiki ne. In rage goro da baƙin shayi, in dinga tafiya a ƙasa da yamma, in daina kwana da tunani ni kaɗai. Ya tambaye ni, "Cikin duk abubuwan da ka ji tsoro tun da aka yi jihar nan, wanne ya faru?" Na yi ta lalube. Babu. Abu ɗaya tak da ya faru da ni shi ne wanda ban taɓa tunaninsa ba.

Ya karɓe ƙwayar barcin nan, ya ce irinta tana kama mutum in ya daɗe yana sha. Ya rubuta mini wata da ake sha kullum, ya ce ba ta aiki rana ɗaya, sai an yi makonni, kuma kada in daina da kaina don na ji sauƙi. Ya ce in riƙe addu'ata, ba ta hana magani, magani bai hana ta. Ya sa in dinga dawowa muna magana.

Ba zan ce maka na warke kamar an cire ƙaya ba. Rabuwa da goro kaɗai sai da ta sa na yi faɗa da kusan kowa a makaranta. Amma a hankali wuyana ya saki, barci ya dawo, na matsa sahu. Na koyi in ce, "Kulu, yau ga abin da ke cin raina," ita kuma ta saurara, wani lokaci ta ba ni shawara, wani lokaci ta ce, "Wanga kam shirme na, ci tuwonka."

Saura abu ɗaya, wanda ya fi duka nauyi. Ranar wata kasuwar Zurmi na hau babur na tafi. Na sami Lawali a tasha, zaune a benci ƙarƙashin rumfa yana jiran motarsa ta cika. Na yi sallama, ya amsa bai dube ni ba. Na zauna a gefe. Na ba shi haƙuri, na gaya masa abin da likita ya ce, na ce ciwo ne.

Lawali ya ci gaba da kallon motarsa. Sannan ya ce, "Ciwo ya kayar da kai, na yarda. Amma ba ciwo ya sa maka wagga magana a baki ba. Can ciki ya iske ta. Muna cin tuwo kwano guda, ashe kallon ungulu kake yi mani."

Na ce, "Gaskiya ka hwaɗi. Ba ka taɓa yi mani komi ba sai alheri. Ni na ƙirƙiro ta, na yi ta renon ta."

"Ka san sati nawa matata ta yi tana tambayata ko akwai wani abu?"

Ina shirin ba shi amsa sai na ji shi. Dakan nan. Tasha ta cika, 'yan kamasho suna ihu, zafi, ƙaurin mai, ga zuciyata ta ɗauki gudu. Ƙafata ta ce tashi ka gudu. Na riƙe bakin benci na zauna. Na ja numfashi, na sake a hankali. Na sake ja. Zufa tana zuba, yatsuna suna tsira. Lawali ya juyo ya ga fuskata.

"Shi na?"

Na gyaɗa kai.

"Mi zan yi maka?"

Na girgiza kai, na nuna masa ya zauna kawai. Motarsa ta cika, fasinjoji suna ta kira, ya ɗaga musu hannu su jira. Ya zauna kafaɗarsa tana taɓa tawa, har abin ya hau, ya kai inda zai kai, ya fara sauka. Da na buɗe ido sosai na share fuska da hula, sai ya leƙo ya dube ni.

"To, yau ba a raba gado?"

Dariya ta kama ni har da tari. Shi ma ya yi ta yi yana buga cinya. Ya kira mai fura ya ce a dama mana, fasinjoji suna ta zagin direba.

Abin da na koya, ga shi kyauta. Damuwar da ka ƙi faɗa wa mutum ɗaya a cikin ɗaki, wata rana da bakinka za ka faɗa wa unguwa guda. In kuwa ka ji kamar mutuwa ta zo maka tsakiyar taro, yi shahadarka, wannan ba ta da asara ko ta wane hali. Sauran bayanin ka dakata tukuna, ka ja numfashi, don akwai yiwuwar gobe da safe kana nan, kuma da mutanen nan za ka ci gaba da gaisawa.